Kayan Tafiya Maleshiya, da Maganar Ummi

Laranto, Jos.

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, mahaifiyarka tana gaishe ka, duk mai cin tuwon gidan nan ya ce a sa gaisuwarsa. Muna roƙon Allah takardar nan ta same ku lafiya, kai da Hadiza, Ya tsare ku a nan Kaduna kafin ranar tashi, Ya tsare ku a sama, Ya sauke ku a hannun mutanen kirki.

Takardarka ta iso. Da kaina na karanta ta, yatsa a ƙarƙashin layi, yadda aka koya mana a ajin yamma lokacin da na shiga da furfurata. Da na kai inda ka ce ma'aikatarku ta zaɓe ka zuwa Maleshiya shekara uku don ƙaro sanin aikin kuza, sai na miƙe tsaye ban sani ba. Ni da na fara da ɗaukar kwanon ƙasa a ka a ramin Naraguta, ɗana ne zai je ƙasar da Turawan kamfani suke ba mu labarinta, wadda suke kira Malaya. Na fita na gaya wa mai shayi, na gaya wa mai faci, na gaya wa direbobin tasha. Ina cikin gaya wa liman sai ga aike daga gida da hulata, ashe kaina a buɗe na fito.

Murnar ta same ni ne a kan wata murnar. Tun da aka kawo mana 'yarku Ummi yaye, gidan nan ya farka. Kukan nono ya wuce tun makon farko, yanzu sai ɓarna. Ta ɗauke mini tabarau ta jefa a randa. Ina ce mata amarya, tana juya mini ƙeya, wai ta fi son mai ƙosai. Jiya na ce to na sake ta, sai ta zo ta sa mini ƙashin da ta gama tsotsa a baki, muka shirya. Ban san ƙafafuna suna da sauran gudu ba sai da ta nufi ƙofar gida.

Ka tambaye ni abin da ya kamata ku ɗauka, tun da jirgin sama ba ya karɓar kaya da yawa. Sa'an nan can ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙe, ka rubuta cewa Ummi kuwa za ta zauna wurinmu kamar yadda aka saba, har ku dawo. Mahaifiyarka da ta ji wannan layin guɗa ta yi. Ni kuwa sai na ninke takardar. Zan zo kansa, amma bari in fara da mai sauƙi.

Ban taɓa zuwa Maleshiya ba, amma na zauna a ƙasar ruwa da zafi. Kana ƙarami kamfani ya tura ni Fatakwal, in riƙa karɓar buhunan kuza da jirgin ƙasa ke saukowa da su, ina awo kafin a loda su a jirgin ruwa. Yadda ka kwatanta ƙasar da za ku, ruwan sama kusan kullum, gumi ba ya bushewa, na san irinta. Kuskuren da na yi a can su ne abin da zan iya ba ka.

Mutumin Jos in an ce masa tafiya, bargo yake fara naɗewa. Haka na yi. Na ɗauki barguna biyu, da wani babban kwat na soja da na saya wurin wani da ya dawo daga yaƙin Bama, da takalman fata, da matashin fata na ado. A tashar Jos ina sanye da kwat ɗin, ina jin kaina wani babba. Kafin mu ƙetare kogi a Makurɗi na tuɓe shi. Kafin Inugu na tuɓe ta ciki. Da muka sauka na tura akwatin ƙarƙashin gado, ban sake waiwayarsa ba sai bayan wata biyu. Ranar da na buɗe shi, wari ne ya fara yi mini sallama. Fumfuna ta rufe komai. Takalman sun zama kore, kwat ɗin ya yi gashi, gafakar Alƙur'anina ta manne da bargo, sai da na zauna ina ɓamɓarewa a hankali ina istigfari. A Jos kana ajiye abu ka same shi yadda ka bar shi. A ƙasar ruwa duk abin da ka rufe ka manta, ƙasar ta cinye shi.

Na ji labari dangin Hadiza suna ta tara muku suwaita da safar hannu, don su in an ce ƙasar waje, Ingila suke gani. Ka yi musu godiya, ka karɓa, ka bar su a gida. Ku ɗauki guda ɗaiɗai saboda cikin jirgi, an ce akwai sanyi. Sauran kaya su zama na auduga marasa nauyi, waɗanda za a wanke da safe a sa da yamma. Ka tafi da kaftani mai kyau da hularka saboda Juma'a da Sallah, tun da ka ce mutanen can Musulmi ne da yawa, a gan ka a san daga inda ka fito. Babbar riga ɗaya ta isa. Kayan fata kuwa, in za ka ɗauka, ka ɗauka don tsaraba kawai, ka rabar da su a makon farko tun suna da kyan gani. Duk ranar da rana ta fito, a buɗe akwati a shanya. Ka sa ƙwallon kafur a kowane lungu.

Abin haushin shi ne, duk wannan lodi da na yi, gidan sauro bai shiga ba. Wa ke tuna gidan sauro a Jos? Wani abokin aiki ya ce in saya, na ce sauro ai ba kura ba ne. Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kayar da ni, irin wanda ban taɓa sani ba. Ina kwance ina ganin Inna, mahaifiyata, tana tatsar saniya a kan rufin kwano. Mahaifiyarka ba ta san kowa ba a garin, ba ta jin yarensu, ta fita titi tana nuna ɗaki da hannu har maƙwabta suka gane suka ɗauke ni zuwa asibiti. Jikinmu na mutanen tudu bai saba da wannan ciwo ba. Saboda haka gidan sauro ya shiga jakar hannu, kada ya bi kayan da za a aiko ta ruwa, don daren farko ma sauro ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa. Ka je wurin likita tun yanzu ya rubuta muku maganin kariya, ka tambaye shi na manya, ka tambaye shi na yara.

Sai abinci. Nan ma na yi wauta, kuma wautar ta daɗe. Na tafi da buhun garin dawa da na acca, na rantse ba zan ci abincin mutanen da ban sani ba. Garin ya yi tsami, ƙwari suka shiga, muna tankaɗewa muna ci. Da ya ƙare na koma shayi da burodi, na rame har wandona yana faɗuwa. Matar maƙwabcinmu takan aiko da miyar kifi, in sa a mayar. Ashe mahaifiyarka tana karɓa ta bayan ɗaki, har ta koyi dafawa. Ranar da na ci na yi santi, na tambaye ta miyar me ce wannan, ta ce, "Wadda kake mayarwa ce, Malam." Watanni na ɓata ina jin yunwa a tsakiyar abinci, kuma na ɓata wa mutanen kirki rai a banza.

Kada ka ɗauki buhu. Ku ɗauki abin da ke sa miya ta yi ƙanshin gida: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, 'yar kanwa, kowanne a kwalba mai murfin da ke ɗaurewa sosai. Kilishi ku cinye shi a hanya, ba zai kai mako ba. In an kawo muku abinci, ka tambaya ko halal ne, in an ce i, ka yi bismilla ka ci a gaban mai shi, ko da yajin zai sa ka hawaye. Wanda ya ga ka ci abincinsa shi ne zai ɗauke ka zuwa asibiti.

Kada ka ɗauka na daina kuskure don na tsufa. Washegarin zuwan takardarka na tafi kasuwar Katako wurin abokina Linus kafinta, na ce ya ƙera maka akwati na maɗaci, mai kauri, wanda jikoki za su gada. Ya ƙera kuwa, har da ƙarfe a kusurwa. Da muka zo ɗauka, ni da shi muka kasa ɗaga shi daga ƙasa, kuma ba komai a ciki. Linus ya zauna a kai yana dariya, ya ce, "Baba Garba, wannan akwati jirgin sama ba zai yarda ba. Ko kai ne oga na jirgi?" Na ce to me ya sa bai faɗa ba tun farko. Ya ce, "Ka zo da murna. Mutum yana murna, ni ba na hana shi." Yanzu akwatin yana tsakar gida, Ummi ta mai da shi ɗakinta. Linus ya leƙo ya gan ta ciki, ya ce, "Yarinya ya samu gida, ba asara." Ka sayi jaka marar nauyi a nan Kaduna.

To, yanzu maganar Ummi.

Ka san al'adarmu. Ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in an yaye shi kaka ce ke ɗauka. Lokacin da za mu Fatakwal an yaye ka ke nan. Inna, mahaifiyata, wadda ka sa wa Ummi sunanta, ta ce a bar mata kai a ruga. Ban yi tunanin komai ba. Na ma ga sauƙi ne, kaya sun ragu. Na tambayi mahaifiyarka don cika ƙa'ida, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai." Na ɗauki barguna biyu da kwat ɗin soja, na bar ka.

Ranar nan da na buɗe akwati na tarar da fumfuna, akwai abin da ban gaya maka ba. Can ƙasa, a naɗe cikin ɗankwalinta, na ga wata 'yar rigarka. Ban san ta ɗauko ba. Ita ma ta yi baƙi. Mahaifiyarka ta fizge ta daga hannuna, ta tafi bayan ɗaki tana wankewa, tana murzawa har rigar ta yage. Na gan ta, na juya na ci gaba da goge takalmana. Kunya ta hana ni magana, ita ma kunya ta hana ta. Shekara uku da wani abu muka yi a garin nan, sunanka bai fito daga bakin ɗayanmu ba, kuma kullum kana cikin ɗakin.

Da za mu dawo na shiga kanti na saya maka takalma ja masu maɓalli. Na auna su da tafin hannuna, daidai ƙafar da na sani. Muka iso Naraguta da la'asar. Wani yaro ya taho daga wajen maruƙa da 'yar sanda a kafaɗa, ya tsaya ya dube mu, ya ruga yana cewa, "Inna, kin yi baƙi!" Inna ta ce ka kawo mana ruwa. Ka kawo a ƙwarya, ka durƙusa har ƙasa, ka miƙa wa mahaifiyarka yadda ake miƙa wa baƙuwa. Ta karɓa ta sha, ta ce, "Sannu, yaro." Takalman ko yatsunka ba su shiga ba. Ni a kaina ka tsaya inda na bar ka.

Inna ta riƙe ka da kyau, Allah Ya jiƙanta, ba ni da abin cewa. Ladabin da ake yabonka da shi nata ne. Amma har yau Yaya kake ce wa mahaifiyarka. Har yau in na shigo ɗaki kai kake fita. Wannan takardar ma da nake rubutawa ta fi duk maganar da muka taɓa yi da baki tsawo. Ba laifinka ba ne. Shekarun da yaro ke koyon wanda zai ruga wurinsa in ya faɗi, ba ma nan. Kwat na sake saya, takalma na sake saya. Waɗannan shekarun na neme su ban samu ba.

Shi ya sa da na kwana biyu ina juya layin nan naka, na sami mahaifiyarka tana yi wa Ummi kitso, na ce mata ni a ganina a tafi da yarinyar. Ba ta ɗago ba. Ta gama layin da take kai, sa'an nan ta ce, "Malam, ranar da aka karɓi nawa ba ka buɗe baki ba. Yau da rabona ya zo, yau ka iya magana?" Gaskiya ta faɗa. An karɓe mata ɗa da sunan al'ada, ta yi haƙuri shekara da shekaru tana jiran ranar da al'adar za ta biya ta, ga shi ni na zo zan hana. A ranar, tuwona ba man shanu, kuma ba a ce mini sannu da zuwa ba.

Da safe na dawo daga masallaci na tarar da ita a tsakar gida, ta zazzage kayan Ummi a kan tabarma. Ta ware masu kauri gefe guda. Tana riƙe da wani ƙaramin gidan sauro da ban san lokacin da ta aika aka sayo ba, tana duba ko akwai huda. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka rubuta masa. Ka ce kada ya tambayi Hadiza. In ya tambaye ta za ta ce ba komai. Ni ma ba komai na ce."

To ga shi na rubuta. Kada ka tambayi Hadiza, ka gaya mata kawai, ka ce umarnin iyayenka ne, don kada kunya ta kama ta a gaban dangi. Duk wanda ya ce kun yi rashin ta ido, ka turo shi Laranto wurina. Na san za ka ce zafi, za ka ce ciwo, za ka ce ba ku san kowa ba. Can ma ana haihuwar yara suna girma. Abin da ake bukata gidan sauro ne, da tafasasshen ruwa, da uwa a kusa. Ka tashi gobe ka je a sa sunan Ummi a fasfon uwarta, a yi mata allurar tafiya, kada ka bari sai lokaci ya ƙure ka ce takarda ce ta hana. In kuɗin jirginta ya yi maka nauyi, akwai bijimi a ruga da ba ya aikin komai sai cin ciyawa.

Kada ka zaci da sauƙi na faɗi wannan. Ni ne zan fi kowa asara. Wa zai jefa mini tabarau a randa? Shekaruna sun yi nisa, shekara uku kuwa ba kwana uku ba ce, Allah kaɗai Ya san wanda za ku tarar. Na auna wannan, kuma aikina ke nan awo. Gara ta dawo ta ce mini baƙo da ta ce wa Hadiza baƙuwa. Ni kaka ne, da alewa ɗaya zan saye ta.

In kun isa, can ba mai ganinku. Ka ɗauke ta a kafaɗa, ka kira ta, ka bar ta ta ja maka gemu. Ku yi mata Hausa a cikin gida, kada ta dawo tana gaishe ni da yaren da ban sani ba. Rediyon nan naka mai kaset, ko me za a bari kada a bar shi. Ku riƙa ɗaukar muryarta kuna aiko mana, ko shirme take yi. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka wannan ne sharaɗinta. Ta kuma ce ita za ta kawo Ummi Kaduna da kanta ranar Asabar mai zuwa, ba za ta ba wani direba ba. Da kwalaben kuka da daddawa za ta zo. In ta iso, ka zo tasha da kanka, kada ka aiko. Ka karɓi jakarta. In bakinka ya iya, ka kira ta da abin da take, ko sau ɗaya.

Wannan zanen da ka gani a gefen takarda ba kuskurena ba ne, amarya ce ta ƙwace alƙalami. Na bar shi, tun da ita ma da hannunta a maganar.

Allah Ya kai ku lafiya, ku uku. Ya raba ku da zazzaɓin ƙasar da sharrin ruwanta, Ya haɗa ku da maƙwabta irin waɗanda muka samu. Ya ba ka ilmin da ka je nema, Ya sa ya amfani mutanen da har yanzu suke cikin rami da kwano a ka. Ya dawo mana da ku muna raye, in kuwa ba haka Ya rubuta ba, Ya sa mun rabu da yardar juna. Ni na yarda da kai duniya da lahira.

Ka lura ko a bayan ambulan harafin farko kawai nake sa maka, sai sunana ya biyo. Tun ranar da liman ya raɗa maka suna ban taɓa faɗinsa ba, ban taɓa rubuta shi ba. Na gwada shi yanzu a wata takarda kafin in sa shi a nan.

Allah Ya kiyaye hanya, Sulaimanu.

Mahaifinka,
Garba mai awon kuza.